Haƙorin da Jirgin Ƙasa Ya Ci

Ɗana ya kawo wa jikata jirgin ƙasa na wasa mai aiki da lantarki nan garinmu Ƙofa, haɗe da filaya da 'yan hulunan ƙarfe da ake matsewa a bakin wayar wutarsa.

Na ce, "Ajiye filayarka, ɗan boko. Shekara nawa ina ɓare wayar rediyo da haƙori?"

"Baba, wannan ƙarfe ne fa."

Na gyara zama don kowa ya shaida, na sa hular ƙarfe ɗaya a baki na gartsa. Ƙas! Ƙarfen ko gezau, haƙorin gaba kuwa sai ga shi a tabarma.

Jirgi dai ya tashi, da filaya. Har yau in na yi dariya, jikar nan sai ta leƙa bakina: "Injiniya, rufe tashar, jirgi ya wuce!"