Murfin Samira a Cikin Wando

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka mahaifina ɗaukar hoton ƙashi ba. Ko na so in manta ma ba hali, don murfin samirar yana nan a madafinmu har yau da lotsawarsa.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare kusa da Bakori, wata biyar da aurena, kullum rediyo a hammata. A gidanmu ni ne ɗan boko, don haka ni ne likita, ni ne lauya, ba a musu da ni. Baba kuwa manomin auduga ne, mutumin da ke ɗaga buhun masara shi kaɗai, sai ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Shekara biyu muna zirga-zirga tsakanin Malumfashi da Zariya. Daga baya ciwon ya sauka a ƙasusuwa, har ta kai ruku'u ma sai ya dafa bango. Likita ya ce idan ƙoda ta gaza, jiki kan riƙa zuƙe ƙarfin ƙashi, kuma sai an ga inda abin ya kai kafin a san maganin da ya dace. Ya ba mu takarda zuwa wani babban asibitin koyarwa a ƙasar Yarbawa, inda suke da na'urar ɗaukar hoton ƙashi. Muka hau jirgin ƙasa daga ni sai shi.

(Ka riƙe wannan, mai karatu: ni ne ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai" ko "malamin makaranta". Cin abinci a kwano ɗaya kuwa, ko a mafarki.)

A asibitin muka yi sa'ar wata Sista, Bayarabiya ce amma haihuwar Funtua, Hausarta ta fi tawa gishiri. Ita ta yi mana bayani: za a yi wa Baba allurar wani ruwa mai ɗan tururin nukiliya, ya bi jini ya zauna a ƙashi, bayan awa uku na'ura ta ɗauki hoton. Ta ce yau dai kada ya rungumi jariri ko ya zauna jikin mai ciki, gobe shi ke nan.

Ni duk bayanin nan kalma ɗaya na riƙe, nukiliya. A shekarar rediyo ya cika mana kunne da labarin wata tashar nukiliya da ta fashe a Tarayyar Sobiyet, har na tsaya gaban 'yan aji shida na tabbatar musu abin yana kashe haihuwa. Ga amarya na baro a gida, ko ɓatan wata ba ta yi ba.

Aka yi allura, muka fito muka zauna a benci ƙarƙashin bishiya. Baba a wannan ƙarshe, ni a wancan, rabin jikina a iska. Ya buɗe samira ya fara dama gumbar da Inna ta ƙulla mana, da ɗan ruwan da aka yarje masa. Sai idona ya faɗa kan murfin. Na tuna mai ɗaukar hoton ƙirji a Zariya yana ɗaura wata riga mai nauyi, an ce ƙarfe ne a ciki. To ai ƙarfe ƙarfe ne, in ji ilimina. Na lallaɓa na ɗauke murfin, na zagaya bayan gini, na cusa shi a gaban wando, na ɗaure tazuge tamau, na saki riga a kai. Na dawo ina tafiya kamar sabon kaciya.

A nan ne Baba ya kira sunana. Sunana na yanka, tiryan-tiryan. Ya kurɓi gumba, ya miƙo mini ludayin.

"Matso mu sha."

Na dubi ludayin, na dubi bakinsa. Na ce, "Na ƙoshi, Baba."

"Ka ƙoshi da me? Tun jiya a jirgi rabonka da abinci."

Na ce wallahi na ƙoshi. Ya ɗan jima da hannu a miƙe, sannan ya mayar da ludayin cikin kwano. Ya ce a hankali, "Cewa na yi ko ba lalle mu koma tare ba." Na ji maganar har ƙasan zuciyata, amma tsoro bai bar ni na matsa ba.

Da lokaci ya yi aka kira mu. Ɗaki mai sanyi, ga wata ƙatuwar na'ura a saman gado, ga likita, ga ɗalibansa maza da mata da fararen riguna. Baba ya kasa hawa gadon. Sista ta ce, "Malam, ɗaga shi mana, kana tsaye kamar baƙo." Na sunkuya na tallabe shi. Ina yunƙurawa tazuge ya saki. Murfi ya bi ƙafar wando ya sulale, ya daki siminti, ya shiga gangara yana kuwwa, bai tsaya ba sai a takalmin likita, furen samirar yana kallon sama.

Ni kuwa hannu ɗaya na riƙe da Baba, ɗaya na riƙe da wando. Likita ya yi tambaya da Turanci, Sista ta amsa masa, ɗalibai suka juya baya kafaɗunsu na rawa.

Sista ta ɗauko murfin ta ce, "Malam, wannan ai sai dai ya tare ƙuda. Abin da ke jikin Baba ba zai yi maka komai ba. Ni kullum a ɗakin nan nake, 'ya'yana huɗu."

Baba yana kwance, idonsa a rufi, ya ce, "Sista, ba shi kayansa. Sabon aure ne, bai ga ɗansa ba tukuna."

Ko ɗigon fushi babu a muryarsa. Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da hoton ya fito, likita ya nuna mana ƙasusuwan sun fito raɗau daga kai har ƙafa, ƙodojin kuwa da ƙyar ake ganin inuwarsu. Ya ce alamar ƙashi na aiki fiye da kima ke nan, yana rushewa yana ginuwa, amma akwai maganin da zai sassauta. Baba ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ashe duk wannan ni ne." Maganin ya yi rana. Bai koma gona ba, amma ya koma salla a tsaye, kuma ya ɗauki 'yata ta fari kafin Allah Ya karɓi abinsa.

Ranar dai muna fitowa na rarumi samira. Gumbar ta sha rana ta yi tsami, na kafa kai da ludayinsa ina sha, hawaye na zuba a ciki. Baba ya bar ni har na kusa ganin gindin kwano, sannan ya ce, "Ka rage mini mana, malamin makaranta."

Bai sake kiran sunana ba har ya rasu. Sau ɗaya ne, kuma da "na ƙoshi" na amsa. Tun daga nan in babba ya miƙo mini ludayi, karɓa nake in sha, ilimin ya jira ni a waje.