Layar da na yanko daga ƙarƙashin sitiyari

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwar mijina ba, kuma ko na so in manta, matan Gabi ba za su bar ni ba.

Bari in fara da gaskiya. Tun da na haifi Ummi na koma mai tsoron komi. In ta yi atishawa sau biyu, na ɗauko katin likita. In barcinta ya yi tsawo, sai in kara yatsa a hancinta in ji ko tana numfashi. Amma babban tsorona mota ce. Baban Ummi direba ne, yana da wata tsohuwar fikof mai shan gazuwal, irin wadda ke canza gudu da kanta ba sai an sa mata hannu ba (otomatik suke cewa). Da ita yake kwasar tumatir da kabeji daga garaken bakin tabkin Madarumfa zuwa Maraɗi. Ba mu da gona, ba mu da shago. Motar nan ce rumbunmu. In ta yi tari da safe kafin ta tashi, ni ce ba na iya karin kumallo.

To wata rana ya dawo rai a ɓace, ya ce sun yi cacar baki da wani Alhaji Sale a tasha kan layin lodi, har Alhajin ya nuna motar da carbi ya ce, "Za mu gani." Shi ya ci tuwonsa ya manta. Ni kuwa maganar ta zauna mini a ƙirji daram.

Bayan sati biyu ya ɗauke mu zuwa Maraɗi. Karatuna bai wuce aji uku ba, amma ido kam Allah ya ba ni. Muna fita gari mota ta ɗauki gudu, sai na ga hannunsa na hagu ya sulale ƙarƙashin sitiyari ya taɓa wani abu. Nan take kukan motar ya sauka, ta koma gurnani ƙasa-ƙasa. Da muka doshi shingen jandarma ya sake taɓawa. Muka wuce, ya sake. Kafin mu isa na ƙirga sau tara, kuma ko kallon wurin ba ya yi, kamar hannun ba nasa ba ne. Na saki hular Ummi da gangan, na duƙa ɗaukowa, na leƙa.

Laya ce. Wallahi laya, girman sabulun wanki, ɗinke da jar fata, an ɗaure ta da zare. Wayoyi huɗu sun fito daga gindinta sun shige cikin mota, ga wani ɗan rami a jikin fatar da jan ido ke leƙe daga ciki.

Za ku ce me ya hana in tambaye shi. Na yi niyya. Amma na fara biyawa wurin maƙwabciyarmu Iya Dije mai ƙuli-ƙuli, wadda ba a taɓa kai mata magana ta ce ba ta sani ba.

"Kul kika tambaye shi!" in ji ta. "Wanda aka yi wa asiri, shi ne mai gadinsa. Zai ce miki ba komi ba ne."

Na ce, "Amma Iya, da wayoyi fa."

"Ke ɗiyar nan, kina ina duniya ta ci gaba? Yanzu malamai ma ta wayar salula suke aiki. Mi zai hana asiri cin batir?"

Ta tsara mini yadda ake yi. A yanke da hannun hagu, ba a magana, a naɗe shi cikin najasa don ƙarfinsa ya karye, sannan a kai wa wani malami ɗan'uwanta a Gabi ya buɗe ya ƙona. Ga shi kuwa Gabi za a kai ƙanwar mijina ranar Asabar, kuma motarmu ce za ta ɗauki kayan jere. Na ce lallai Allah ne ya haɗa.

Ranar Juma'a Baban Ummi ya wanke mota tas ya ajiye ƙofar gida, ya tafi masallaci. Na ɗauki wuƙar yanka albasa na shiga. Na tarar jan idon a rufe, na ce madalla, barci yake. (Ashe don an kashe mota ne, amma wa zai gaya mini?) Wayoyin nan sun yi taurin kai, ga hannun hagu, sai da na yi gumi sharkaf. Na naɗe abin cikin jiƙaƙƙen ƙunzugun Ummi, na ƙulle a leda, na tura can ƙasan jakar goyo. Ranar har waƙa na yi wajen tuƙin tuwo.

Asabar da hantsi aka yi lodi: gado, katifa, kabad, kwanoni, buhunan gara, sannan mata shida suka hau sama da kayan anko. Gwaggo Hassu, yayar surukina, ita ce shugabar tafiya, tana gaba kusa da direba. Ni da Ummi muna kujerar baya. Abokin mijina Isufu makanise, mai gyaran mota, yana biye a babur, don shi ke da makullan ɗaura gado, wato sufana. Sharaɗin ɗaya ne, a gama jere kafin magariba, lokacin da za a kawo amarya.

Muna hawa hanya hannun ya sulale kamar kullum. Ya laluba. Ya sake lalubawa. Na ji ya ce, "Inna lillahi," can cikin maƙoshi.

"Mi ne ne?" in ji Gwaggo.

"Ba komi, Gwaggo."

Ya rage gudu, gumi na tsattsafo masa a ƙeya, idonsa na kan allon mota. Ni kuwa ina baya ina murmushi, ina cewa a raina, yi haƙuri bawan Allah, sakinka yake yi.

Mun tsallake yashin gulbi da kyar, mun fara hawan tudu, sai wani ƙauri ya cika mota, irin na man ƙosai da aka manta a wuta. Inji na ihu, mota na rarrafe. Wata fitila ta kama a allon. Ya gangara gindin wani gawo ya kashe ta, ya kifa kai a sitiyari.

Isufu ya iso, ya zura kai ƙasa, ya fito da guntayen wayoyi a hannu. "Kai! Wa ya yi wannan aika-aika? Yanke ta aka yi!"

Matan sama suka ɗauki salati. Gwaggo ta fara jero wa ɓarawon addu'o'i, tun daga hannunsa har jikokinsa. A nan fa ya kamata in yi shiru, ko in ja mijina gefe. Ina! Sai na fito, na gyara goyo, na gyara ɗauri, na tsaya tsakiyar mutane kamar mai jawabi a rediyo.

Na ce, "Gwaggo, ki daina tsinuwa, ba ɓarawo ba ne. Ni na cire. Kuma ku gode wa Allah, don da ban sa ido ba da yanzu wani labarin ake. Asiri aka binne masa a mota, har da wuta yake ci, kullum hannunsa na kai. Ku duk kuna shiga motar nan ba wanda ya gani sai ni."

Har da nuna ƙirji na yi wajen "sai ni".

Baban Ummi ya buɗe baki ya kasa rufewa. Isufu ya share hannu a wando, ya ce a hankali, "Maman Ummi, ai ni ne malamin da ya ɗaura layar."

Ya tsuguna ya zana mini a ƙasa. Ya ce irin wannan mota, inji da ƙafafu ba sa riƙe da hannun juna. Akwai wata tukunyar mai a bakin buwat, wato akwatin da ke canza mata gudu, da kamar muciya biyu a ciki. Inji na juya ɗaya, ita ta juya mai, man ya juya ɗayar. In kaya sun yi nauyi, ta farko na gudu ta biyu na jan jiki, sai mai ya yi ta zafi har ya ƙone. "Ɗan akwatin nan da kika yanke, shi ke ce musu ku kama juna ku tafi tare. In mota ta ɗauki gudu a kunna, in za a tsaya a kashe, in ba haka ba inji ya mutu. Shi ne taɓawar da kike gani."

Na ce, da 'yar muryar da ta rage mini, "To fatar fa?"

Mijina ya ce, "Ƙura ke shiga. Na ba baduku ya ɗinka mata riga."

"Yanzu dai ina take?" in ji Isufu. "Kada ki ce mini tabki."

Jama'a, da ma tabkin na jefa. Na buɗe jaka a gaban dangin mijina, na fito da ledar nan da ta kwana ta wuni cikin zafin bazara. Ina kwancewa Gwaggo ta ja baya taku uku, ta toshe hanci da mayafi. Isufu bai sa hannu ba, da filaya ya ɗago abin yana kauda kai. Wata daga cikin matan sama ta rangaɗa guɗa, sauran suka kife kan katifa suna riƙe ciki.

Mu biyu ne ba mu yi dariya ba, ni da mai motar. Don Isufu ya ce kafin komi sai an duba man. In ya yi baƙi buwat ta tafi, kuma irinta babu a Maraɗi, sai an nemo daga Kano ko Kwatano, in an samu. Ya zaro wani dogon tsinken ƙarfe daga cikin inji yana neman farin ƙyalle, na miƙa masa bakin sabon mayafina ba tare da na yi tunani ba. Ya goga. Ya ɗaga wa rana, ya shinshina, ya daɗe yana kallo.

"Ja ne," ya ce. "Ta sha wuya, amma ba ta ƙone ba. Da kun ƙarasa hawan tudun nan kuwa…"

Bai ƙarasa ba, ni ma ban so ya ƙarasa ba. Na zauna daɓas a ƙasa da anko.

Sai da muka jira mai ya huce, sannan Isufu ya haɗa wayoyin ɗaya bayan ɗaya (fatar baduku ce ta hana fitsari shiga, Allah ya saka masa). Mun isa Gabi la'asar sakaliya. Ana ɗaure ƙafar gado ta ƙarshe muka ji hon ɗin motocin amarya. Dangin ango suka tambayi abin da ya tsare mu, Gwaggo kuwa ta gyara zama. Kafin a raba abinci an sa mini suna Malama. Wata tsohuwa ta kawo mini tocilanta wai in duba mata, kwana biyu yana kashe ido, ko an sa masa hannu.

A hanyar dawowa, sai da muka yi nisa, sannan mijina ya ce, "Da hannun hagu kika yanka?"

Na ce, "E."

"Shi ya sa yankan ya karkace." Ya kamo yatsana ya ɗora kan maɓallin layar. "Danna." Na danna, na ji kukan motar ya sauka. "To kin ji. Gobe in kin ga wani abu, ni za ki fara tambaya, ba mai ƙuli-ƙuli ba."

Tsoro dai ban daina ba, ƙarya ne in ce na daina. Abin da na koya shi ne in fara sa baki kafin in sa wuƙa.

Roƙona gare ku ɗaya ne. In hanya ta kai ku Gabi kuka ji ana ba da labarin nan, ba sai kun kare ni ba, na ci a yi mini dariya. Amma Gwaggo Hassu na cewa wai kashi ne a ƙunzugun. Don Allah ku gyara mata, fitsari ne kawai.