Usur Ɗin Baba

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tashi zan farfaɗo da layin dogo da bakina ba.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne, shi ke busa usur jirgi ya tashi. Muna yara a Tudun Wadar Zariya yakan ba mu labarin ƙaramin jirgin da ya taɓa zuwa Jos tun yana yaro, wai akwai inda aka shimfiɗa ƙarfe uku a jere, babban jirgi da ƙaramin kowa ya bi nasa. Ban taɓa ganin jirgin ba, amma na girma ina kewarsa kamar ɗan'uwan da ya yi tafiya.

To sai 'ya'yan tsofaffin ma'aikata muka kira taro a wani ajin firamare. Mama Rahila, tsohuwar nas wadda mahaifinta direban jirgi ne, ta kawo shawara mu nemi izini mu yi wa wani tsohon tarago rumfa da fenti kafin tsatsa ta cinye shi. Ni kuwa na raina abin. (Har da sabuwar shadda na zo, ku gane irin shirin da na yi.) Na karɓi makirufo na ce gawa ake yi wa ado, mu jirgi muke so mai tafiya, a maido mana da ƙaramin layin.

A hankali ta tuna mini cewa an yi gidaje da gonaki a kan hanyar, kuma ko an shimfiɗa, babu jirgin da zai hau. Ban saurara ba, don ina da makami a aljihu: usur ɗin Baba, wanda na zaro da safen ranar daga tagar ɗakin shirgi, inda ya yi shekaru ban ko leƙa shi ba.

Na ɗaga shi sama na ce, “Wannan muryar za ta sake tashi a Zariya!”

Na cika kumatu na busa. Shiru. Na ƙara ƙarfi har jijiyar wuya ta miƙe. Ashe zanzaro ya yi gini a ciki. Sai ƙasar ta ɓalle, rabi a idona, rabi a maƙogwaro, lasifika kuma ta watsa wani sauti da kunya ba za ta bar ni in faɗi kamarsa ba. Wani dattijo ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ni ko sai tari, hawaye na zuba a kan shadda.

Mama Rahila ce ta miƙo mini ruwa. Ta karɓi usur ɗin ta goge shi da bakin gyalenta, ta daɗe tana kallonsa.

“Ɗana, na san wannan,” in ji ta. “Da mun ji shi muke ɗora tukunya, mun san babanmu ya miƙa jirgi ga wani direba, ya kusa shigowa gida.”

A nan tarin ya tsaya, hawayen kuma suka ƙi tsayawa, don sai lokacin na tuna bakin Baba ne na ƙarshe da ya taɓa shi kafin nawa.

Asabar ta gaba da tsohuwar riga na fito, aka ba ni gefen taragon da ya fi tsatsa in kankare. Har yau ina mafarkin ƙaramin jirgin nan, ban daina ba. Amma na koyi cewa kafin mutum ya yi wa jama'a alkawarin jirgi, gara ya fara gwada usur ɗinsa a gida.