Sunan da Kaka Ta Ƙi Faɗa

"Lafiya lau, lafiya lau, gaisuwar ta isa haka. Ina wayar taka?"

Jikan nata ko takalmi bai gama cirewa ba. Tun safe Kaka take kai da kawo tsakanin ɗaki da bakin ƙofa, ta share inda ta riga ta share, shayinta ya huce a kofi. Rediyo ne ya ja mata. An ce ɗakin karatu na jami'a ya baje kolin tsofaffin hotunan ma'aikatansa, an kuma zuba su a kundinsa na intanet, duk wanda ya rubuta suna zai ga mai sunan. Marigayi mijinta a can ya yi aiki, yana ɗinke littattafan da ɗalibai suka yaga, kuma ko hoto ɗaya bai bari a gida ba. Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne fuskarsa ta fara ɓace mata, kuma abin yana ba ta tsoro.

"Haka ake tarbar miji? Ko ruwa babu?" in ji jikan.

"Mijin da kullum yake zuwa hannu rabbana, wane ruwa zai sha?"

"Aiki fa na ajiye, aka ce matata ba lafiya. Ashe ciwon tsohon saurayi ne ya tashi."

"Saurayin da ya fi ka komai. Zauna ka danna abin nan."

Ya zauna bakin gado. Ita ta kasa zama, ta tsaya a kansa tana leƙen wayar.

"Me yake ta juyawa haka?"

"Sabis ne. Ya hango tsohuwa ya tsorata."

"Wayar ce raguwa, halin mai ita ta ɗauko. Ɗaga ta sama."

Da ƙyar shafin ya buɗe. Jikan ya karkata hula, ya gyara murya.

"To ga gurbin suna. Faɗi sunan mutumin."

Kaka ta kau da kai. Duk zamansu ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, har ya koma ga Allah "shi" take cewa. Ja'irin kuwa ya san haka sarai, don sunan kakan aka sa masa, shi ya sa take ce masa Maigida.

"Rubuta mai ɗinkin littafi."

Ya rubuta. "Ga littattafan koyon ɗinki sun fito reras. Wanne kika aura a ciki?"

"Rubuta dogo, baƙi, mai tsabta."

"Kundin jami'a ne, tsohuwa, ba mai dalilin aure ba."

"To rubuta sunanka, ɗan nema."

"Maigida? Magidanta ai sun cika jami'a."

"Na gaskiyar."

"Na manta shi. Tuna min, ko da raɗa ne, ba mai ji."

"In tuna maka da muciya. Kai da na yi wa wanka kana tsala ihu kamar ɗan akuya."

"Tun lokacin kike so na, na lura."

Kaka ta juya masa baya. Ta figi mayafi, ta zura takalmi, ta ce da ƙafarta za ta je jami'ar ta bi bango tana duba hotunan. Mayafin ya ƙi zama, tana yafawa yana zamewa. Ta ga jikan ya dube ta, dariyar ta bar fuskarsa. Ya sunkuyar da kai ya danna 'yan haruffa.

"Zo ki gani."

Hoto ne fari da baƙi, maza sun jeru gaban kantocin littattafai, fuskokin ƙanana.

"An rubuta ko na nawa ne a layin. In karanta miki?"

"Kar ka karanta."

Kaka ta ƙura wa hoton ido. In ta kasa gane shi fa? Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta kai ƙarshe, ta sake dawowa. Sai ta tsaya kan wani siriri da ya rungume ƙaton littafi a ƙirji.

"Ƙara min girman wannan."

Ya ja hoton da yatsu biyu, fuskar ta cika wayar. Shi ne, da ƙuruciyarsa, ya ɗaure fuska kamar an yi masa laifi. Sai yanzu Kaka ta zauna.

"Ashe kunnuwan nan naka masu kama da faifai a wurinsa ka sato," ta ce. "Na manta da kunnuwan."

"To tsakani da Allah, ni da shi wa ya fi kyau?"

"Ba ni takardata, yaro. Mijina ya dawo."

Jikan ya yi dariya har da dafa ciki. "Na sallama, ya kayar da ni. Riƙe wayar, bari in je a wanko miki shi babba."

Yana kaiwa ƙofa hasken wayar ya dushe.

"Maigida, ya tafi."

"Taɓa shi kawai, zai dawo."

Ta sa yatsa a kan kumatun mijinta, fuskar ta haskaka. Ba ta ɗauke yatsan ba.