Kirarin Da Ya Rufe Ɗakin Kokawa

Ko zan manta da komai na zamana a Madina, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da ni kaɗai na rusa ƙungiyar kokawa sukutum.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, ina koyon Larabci a wata 'yar ƙaramar kwaleji a wajen unguwar Bani Harisa. Makarantar ba ta yi suna a karatu ba, gaskiya, amma tana da 'yan kokawa. Akwai Hamza, wanda har Jidda ya je ya kayar da maza ya dawo da lambar yabo. Akwai Sa'ud, gajere mai wuya kamar turmi, ba a taɓa ganin bayansa a ƙasa ba. Dukkansu jikokin alhazan da suka zo daga ƙasarmu a ƙafa ne, ka yi musu Hausa su amsa maka da Larabci. Mai horar da su shi ne Ustaz Bakur, dattijo mai furfura, shekara ashirin yana wannan aiki.

Sai shugaban makaranta ya ce zai mayar da ɗakin kokawa ɗakin kwamfuta. Ustaz ya roƙe shi ya zo ya kalli karawarsu da wata makaranta daga Badar, in sun ci a bar musu ɗakinsu. Ya yarda. Ana saura kwana huɗu ɗan wasa ɗaya ya gurɗe a kafaɗa.

Nan ne bakina ya jawo mini. Na sha cika baki a wurin cin abinci cewa ni ne zakaran kokawa a garinmu bayan girbi (tsakani da Allah mutum uku na taɓa kayarwa, ɗayan ma ciwon ciki yake fama da shi). Labari ya kai kunnen Ustaz, ya sa aka kira ni.

"Ya waladi, ka buɗe kunne," in ji shi. "Nan ba kamar gida ba ne. Gwiwa ta taɓa ƙasa, hannu ya taɓa ƙasa, duk ba kaye ba ne. Sai ka danne kafaɗunsa biyu, alƙali ya busa, halas, an gama. Mafhum?"

"Mafhum, Ustaz," na ce, wai na gane, alhali hankalina na kan hoton da zan aika gida.

Ranar wasa Hamza ya ci, Sa'ud ya ci, aka tafi har uku da uku. Saura ni. Abokin karawata wani ƙato ne, ɗan manomin dabino. Muka kama, na shammace shi na finciko ƙafarsa, sai ga gwiwarsa da tafin hannunsa a kan katifa. A garinmu an gama ke nan. Jikina bai yi shawara da kaina ba. Na sake shi, na juya masa baya, na ɗaga hannu biyu a gaban shugaban makaranta, na buɗe murya: "Sai ni na Hajo, gatari mai saran ƙirya! Kowa ya ja da ni ya sha ƙasa!"

Ina kan "ƙasa" ɗin nan na ji hannaye sun zagaye ƙuguna. Na ga fankar silin kusa da hancina, sannan na ga taurari. Alƙali ya busa.

Kafin wata ya ƙare an naɗe katifun an shigo da tebura. Mako uku ina laɓe-laɓe, ko sallar Azahar sai na canja sahu don kada na haɗu da su. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san abin da na raba dattijon nan da shi.

Ran nan Hamza ya tare ni a ƙofar aji, ya riƙe hannuna gam (gwada ƙwacewa daga hannun Hamza ɓata lokaci ne). "Yalla, mu je, Ustaz yana kira, abincin rana."

Na tarar da su duka sun kewaye tiren shinkafa da nama. Na durƙusa na fara ba da haƙuri, Ustaz ya ɗaga hannu.

"Ɗaki ya tafi, Allah Ya ƙaddara. Amma mahaifina Bagobiri ne, ɗan kokawa. Kullum yana ba ni labarin kirari, har ya rasu bai yi mini ko sau ɗaya ba, wai ya tsufa. Ban taɓa ji da kunnena ba sai ranar nan." Ya share ido da gefen rawaninsa. "Tashi ka sake yi mana, ɗana. Wannan karon ba kowa a bayanka."

Na tashi na yi, Hamza na fassara wa Sa'ud inda Hausar ta fi ƙarfinsa, suna dariya har da buga ƙasa. Daga ranar har na bar Madina ba wanda ya goranta mini a cikinsu, ko da wasa. Allah Ya saka musu da alheri, Ya jiƙan Ustaz.

Ni dai na koyi nawa. In ka je garin mutane ka tambayi yadda ake kaye a can kafin ka wasa kanka, don ba kowa ne zai ba ka shinkafa bayan ka rufe masa ɗaki ba.