Agogon Inna Ya Rasu a Hannun Ɗanta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye kuma, babban ɗan gidan nan, wanda ƙannensa ke kira Mai Tarkace idan ba ya kusa, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar agogon bangon Inna. Marigayin ya cika ne a kan farantin shayi, a ɗakin da Mai Tarkace ke tara tsoffin kaya, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara hamsin da biyu a bakin aiki. An so a ce tsufa ne. Mai wannan sanarwa ya rubuta hakan har sau biyu yana yagewa, don alƙalamin ma ya ƙi ba shi haɗin kai. Kashe marigayin aka yi, kuma wanda ya kashe shi shi ne mutumin da ya fi kowa cika baki cewa ya san darajar tsohon abu.

Baba, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mutumin da ko tuntuɓe zai yi sai ya duba ƙarfe nawa. Shi ya shigo da marigayin gida a rungume, cikin bargo, a shekarar da aka haifi Mai Tarkace. Tsaran juna ne ke nan, sai dai ɗaya ya fi ɗaya natsuwa. Baba ya kafa ƙusa a bangon ɗakin Inna, saitin ƙofa, ya rataye shi, ya yi rabin yini yana kara kunne yana ɗan gyara masa zama, sannan ya ja layi da fensir a gefensa ya ce kada wanda ya taɓa. Tun daga ranar marigayin yake rataye a karkace, ya ɗan kwanta hagu kamar faɗin yatsa.

Waɗanda suka zauna da shi sun shaide shi da alheri. Akwatinsa katako ne baƙi mai sheƙi, fuskarsa fara da ta koma ruwan madara, ga ƙarfen lilonsa na tagulla yana kai kawo a bayan gilashi ba gaggawa. Bai taɓa neman batir ba, bai san an ɗauke wuta ko an kawo ba. Haƙƙinsa a kan gida ɗaya ne, a murɗa masa makulli sau goma sha biyu kowace Asabar. Idan aka ba shi wannan, sai ya yi sati cur yana faɗin tak, tak, tak, tak, in awa ta cika ya gyara murya ya ce gwaam. Shi ya tashi yara bakwai zuwa makaranta. Shi yake sallamar baƙon da ya zauna ya wuce kima, ba tare da kowa ya ɓata fuska ba. Ranar da Baba ya rasu gidan ya cika da kuka, shi kaɗai ya ci gaba da aikinsa, Inna kuma ta ce wannan ne ya riƙe mata hankali.

Da yanar ido ta rufe wa Inna gani, marigayin ya ƙara matsayi. Ba ta ganin fuskarsa, amma tana ƙirga bugunsa da yatsu. Takwas na safe ƙwayar hawan jini, biyu na rana farar ƙarama, shida na yamma ta ciwon sukari. Auta, ƙanwar Mai Tarkace da ke kula da ita, tana iya mantawa, amma shi bai taɓa mantawa ba.

A nan dole a yi maganar mai laifi. Mai Tarkace mutum ne mai son tsoffin kayan gida so na fitar hankali. Ya ware ɗaki guda a gidansa, ya sa katakai da gilashi da fitilu, ya jera dutsen guga na gawayi, da rediyo mai rigar fata, da keken ɗinkin Gwaggo, da fitilar ƙwai huɗu da babu wadda ke kamawa. Matarsa ta ce ɗakin ya fi ɗakin 'ya'yansa samun shara. In aka yi rasuwa a dangi, kafin a share makoki idonsa ya gama zagaye ɗakin mamaci. Ya san haka, yana kuma jin kunyar rubuta shi, amma sanarwar rasuwa ba wurin ɓoye-ɓoye ba ce.

Shekara da shekaru yana roƙon Inna agogon nan. Duk Asabar yana gidan, wai ya zo gaishe ta, ya tsaya gaban bango hannu a baya yana tsaki kan yadda aka rataye kaya mai daraja a karkace, ga ƙura, ga hayaƙin turare.

"Inna, a wurina zai fi samun kulawa."

"Bar shi nan, Babba. Ya saba da mu."

Sai ga shi abokansa masu irin ciwonsa sun sa ranar zuwa ganin ɗakinsa, cikinsu har da wani mai taƙama da akwatin kiɗan kakansa. Mai Tarkace ya duba bangonsa ya ga babu abin da zai rufe bakin mutumin. Ya je ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce zai kai agogo wurin mai gyara a wanke shi, kwana biyu kacal. Inna ta ce, "Kwana biyu fa ka ce." Ya ce ko kwana uku ba zai kai ba.

Ciwon ajali ya fara ne a ranar. Mai Tarkace ya aro ma'aunin magina, mai ɗigon ruwa a tsakiya, ya rataye marigayin tsaye cak yadda bai taɓa tsayawa ba a rayuwarsa. Ya ja baya ya yaba wa kansa, har yana cewa a ransa Baba dai ya iya jirgi amma bai iya rataye agogo ba. Marigayin ya yi ƙoƙari. Ya ce tak-tak, ya numfasa, tak-tak, ya numfasa, kamar mai ɗingishi, minti goma ya yi shiru. Aka tura lilon, ya sake minti goma. Abokai suka zo suka same shi a tsaye, mai gida ya ce ai da gangan ya tsayar da shi don kada ya gaji. Suka gyaɗa kai suka ce lallai ya san kan abin.

Mai hankali da a nan ya tsaya, ya mayar da kayan mutane inda ya ɗauko. Shi kuwa sai ya ce ƙarfi ne ya ƙare, ya murɗa makulli sau ashirin da wani abu, har marigayin ya ce ƙiii. Da hakan bai yi ba ya ce datti ne, ya buɗe baya ya ɗura man keken ɗinki. Da mai ya yi yawa ya wanke da kananzir. Ran Lahadi da hantsi ya shimfiɗa tawul, ya sa tabarau, ya kunna wani bature mai koyar da gyaran agogo a waya, ya fara kwance ƙananan tayoyin tagulla masu haƙora yana jerawa a faranti. Bai kai inda baturen ke cewa a sassauta sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da makulli ke ɗaurewa, tukuna ba. Ya cire wani ɗan ƙarfe, sifirin da ya ɗaure tamau ya kubce, marigayin ya ce farrrr, ƙas. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe. Haƙoran tayoyi uku suka zube a kan tawul, wani ɗan ƙarfe ya yi tsalle ya shige bayan kabad, har yau ba a gan shi ba.

Kwana biyu suka zama wata uku. Duk ranar da Inna ta tambaya akwai amsa. Mai gyara ya yi tafiya. Mai gyara ya dawo amma zazzaɓi ya kama shi. Matar mai gyara ta haihu. Inna, baiwar Allah, ta laluba ƙarƙashin filo ta ba shi sabulu sinƙi ɗaya ya kai wa mai jego, ya karɓa da hannu biyu ya ce zai isar. Ya sayo mata agogon batir mai kiɗa duk awa, ta saurare shi yini ɗaya ta ce a fitar mata da wannan mai rawar kai. Sau biyu ta haɗa ƙwayar rana da ta yamma. A na biyun jiri ya ɗebe ta a bakin ƙofar banɗaki, Allah ya sa Auta na kusa.

Auta ta kira shi a waya, ko gaisuwa babu. "Yaya, ka ji tsoron Allah ka dawo wa tsohuwar nan da agogonta. Ko ka sayar ne?"

"Ke Auta, ni ne zan sayar da agogon Baba?"

"To ina yake?"

Washegari ya kwashe gawar a kwali, ya nemi mai gyara na gaskiya, wani dattijo mai ɗan teburin gilashi a ƙarƙashin matakalar wani bene cikin kasuwa. Dattijon ya maƙala madubinsa a ido, ya juya tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya sansana, ya ajiye.

"Malam, wa ya yi masa wannan aika-aikar?"

"Wani ƙanina ne, Baba. Ba ya jin magana."

"Allah ya shirye shi. Da farko me ya same shi?"

Aka ba shi labarin ma'aunin magina. Dattijon ya cire madubin ya dube shi da kyau. Ya ce irin wannan agogo ba da ido ake rataye shi ba, da kunne ake yi. Ana karkata shi kaɗan-kaɗan har sai bugun dama da na hagu sun zo daidai, inda suka daidaita nan ne zamansa, ko da ido ya ga karkace. Wanda ya ja layin fensir ɗin ya san abin da yake yi. Da an tura shi hagu faɗin yatsa, da ya ƙara wasu shekaru hamsin ɗin. Yanzu kuwa haƙora sun tafi, masu yin irinsu kuma sun daɗe da rufe shago. Ya mayar masa da kwalin ya ce, "Ka gaida ƙanin naka. Ka ce masa ya riƙa wanke ƙarƙashin farcensa, don na ga mai ya kama har naka."

Marigayin ya rasu ya bar makulli ɗaya, da ƙusa ɗaya, da farin tabo mai siffarsa a bangon da fenti ya dushe. Ya bar dutsen guga da rediyo da keken ɗinki da fitilu huɗu, waɗanda suka riga shi yin shiru a ɗaki ɗaya, a hannu ɗaya. Ya bar sabulu sinƙi guda a bayan mota, wanda mai motar ba ya iya kallo ba ya kuma iya zubarwa. Ya bar Inna.

An jinkirta wannan sanarwa ne saboda ba a sanar da mutanen waje kafin uwar gida. Jiya da la'asar Mai Tarkace ya shiga ɗakinta. Ya faɗa mata komai, daga ƙaryar wanki har zuwa jaririn da ba a haifa ba. Ya shirya wa faɗa, ya shirya wa kuka. Inna ta gyara zaman ɗankwalinta.

"Da ma na ce mai gyaran nan masifunsa sun yi yawa."

"Ki yafe mini, Inna."

"Agogo ai katako ne da ƙarfe, Babba. Ka san abin da ya sa na hana ka shi duk shekarun nan?"

"Don na Baba ne."

"Babanku ya bar abubuwa da yawa, duk ka kwashe ban ce komai ba. Wannan shi yake kawo ka. Duk Asabar kana zuwa, ina jin muryarka tana bugun bango tana dawowa, na san shi kake kallo. Ban damu ba, ina samun rabona a ciki. Tun da ka ɗauke shi, daga bakin ƙofa kake gaishe ni, mota ma ba ka kashewa."

Mai wannan sanarwa bai da abin da zai rubuta game da abin da ya biyo baya, sai dai ya daɗe a durƙushe, kuma Auta da ke tsaye a ƙofa ta tausaya masa ta fita.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a ɗakin Inna. Dattijon kasuwa ya yarda zai mayar da kayan cikin ya rufe, don marigayin ya koma gida da mutuncinsa. Za a rataye shi a ƙusarsa, a kan layin fensir, bisa umarnin Inna, wadda ta ce a dawo da shi ko ba ya magana, don Babba ya samu abin kallo. Ba a gayyaci masu tara tsoffin kaya ba. Masu ta'aziyya su yi wa Inna da Auta, shi mai laifin ba ya karɓa, bai ga fuskar da zai karɓa da ita ba. Aikin marigayin na takwas na safe da shida na yamma ya koma kansa, da ƙafarsa zai riƙa zuwa, na biyun rana kuma Auta ta ɗauka. Duk mai nemansa a waɗannan lokuta zai same shi a ɗakin. Ya roƙi Auta ta ajiye masa kujera a gindin agogon, bayan kujerar jingine da bango, gabanta yana kallon gadon Inna.