Yadda Za Ka Ƙwato Jikarka Daga Hannun 'Yan Matan Japan Masu Takobi

Kai dattijo, gyara zama. In jikarka ta fara ɗora shuɗin gashin roba a kan hijabi tana saran iska da takobi a falo, ga magani, kuma ba ya kuskure. An gwada shi a kan Alhaji Shitu na unguwar Concourse Village da ke Bronx, ga shi nan da ransa.

1. San abokin gaba

Kalli katun ɗin Japan da take kallo a talabijin, don hujja kawai. Alhaji ya kalla. Yarinya siririya kamar tsinke, idanu kamar faranti, ta raba dodo biyu, ta haɗa da dutsen da ke bayansa. Ya ce, "Ina iyayenta?" Tambayar masu hankali ke nan. In bakinka ya suɓuce ka ce "Sare shi, 'yar albarka!" maza ka mai da shi tari.

2. Ɗaure kanka a gaban jama'a

A ƙofar masallaci Alhaji ya shaida wa dattawa cewa jikarsa Rafi'atu ta tafi taron masu shigar katun a Manhattan. Zai je ya ƙwace takobin, ya taso ƙeyarta kafin La'asar. "In na kasa, kada wanda ya ƙara kawo mini ƙarar ɗansa." To, sauraron ƙara shi ne duk sarautarsa a Bronx.

3. Sa kayan kwarjini

Babbar riga mai aiki, rawani, kwalli, sanda. A bakin ƙofar taron mai gadi ya jinjina sandar, ya ɗaura mata jan ƙyalle, ya ce an tantance makami. Kada ka yi gardama. Girmamawa ce irin tasu.

4. Haɗe rai

Nan ne aka ɗan samu tangarɗa. Yana ƙara murtuke fuska, 'yan taron suna ƙara ɗaukarsa hoto. Wata mai kunnen kyanwa ta tambaye shi daga wane fim ya fito. Ya ɗaga sanda ya daka tsawa, "Ku watse, marasa kunya!" Wuri ya kaure da tafi. Kafin ya ankara an ɗora shi kan dandamali, an danƙa masa kofin na ɗaya a gasar shiga.

5. In rawani ya fara warwarewa, karɓi taimako ko daga ina

Taro ya matse shi, takalmi ɗaya ya ɓace. Sai ga Rafi'atu ta keto jama'a da takobin soso wanda ya fi ta tsawo, tana buɗe hanya hagu da dama.

"Tsohona, wa ya ba ka izinin fita?"

"Amarya, fitar da ni tukuna, ma yi shari'a a gida."

"To riƙe mini wannan, in gyara maka rawani."

6. Kai rahoto da kanka

Sun iso kafin La'asar, tana gaba, yana biye da takobi a kafaɗa. Ya ce wa dattawa, "Ga makami, ga yarinya." Malam Mahamadou ya ɗago waya, hoton ya riga su isowa. "Alhaji, kofin fa?"

"Ganima ce."

Har yau ana kawo masa ƙara. Sai dai yanzu in ya gama sauraro yakan ce a jira Rafi'atu ta dawo daga makaranta.

Gargaɗi: wanda ya bi wannan ya rasa takalmi, ko ya wayi gari yana tambayar yaushe za a sake taron, babu hannuna. Ni rakiya kawai na yi, kuma na biyu na zo.